Zanen Ginin Mol: Inda Ake Samunsa Da Yadda Ake Karanta Shi

Waɗannan amsoshi ne ga masu neman kama shago a katafaren rukunin kantuna irin na zamani, wanda aka fi sani da mol, da ɗalibai masu koyon zanen gine-gine, da masu shirin gina filaza, da kuma masu sayayya da suka gaji da ɓata hanya.

Idan an ce "zanen mol", wane zane ake nufi?

Ba guda ɗaya ba ne, kuma daga nan ruɗanin yake farawa. Akwai taswirar da ake kafawa a bakin ƙofa domin masu sayayya, mai launi-launi da sunayen kantuna da ɗigon da ke nuna inda mutum yake tsaye. Wannan ba a aune take ba. Akan faɗaɗa ƙaramin shago domin sunansa ya samu wurin zama, a matse babba, a share lungunan ma'aikata baki ɗaya. Amfaninta nuna hanya kawai.

Sai zanen haya, wanda ofishin mol ke nuna wa mai neman shago: kowane shago da lambarsa da faɗinsa, da waɗanda aka kama da waɗanda suke a buɗe. Sai cikakken zanen gini na akitek, wato ƙwararren mai zana gini, mai kaurin bango da ginshiƙai da ƙofofi da matattakala, wanda ke tafe da na injiniyoyin ƙarfe, wuta da ruwa. Sai kuma zanen da ake sabuntawa bayan an kammala aiki, mai nuna abin da aka gina a zahiri, ba abin da aka yi niyya ba. Na ƙarshen nan shi ne mafi daraja, shi ne kuma mafi wuyar samu. Kafin ka fara nema, ka san wanne kake so, domin wanda ya je da taswirar bakin ƙofa wajen kafinta ya ce a yi masa kanta, asarar katako zai yi.

A ina ake samunsu?

Ta masu sayayya ba ta da wuya. Manyan mol suna sa ta a shafinsu na intanet ko a manhajarsu ta waya. Google Maps ma ya fara nuna cikin wasu manyan gine-gine tun 2011: idan ka zuƙo taswirar sosai a kan wuri irin Dubai Mall, za ka ga jerin hawa-hawa ya fito a gefe, ka taɓa wanda kake so. A Najeriya wannan bai cika aiki ba, don haka abu mafi sauƙi shi ne ka ɗauki hoton allon da ke bakin ƙofa da wayarka kafin ka shiga.

Zanen haya yana wurin ofishin masu kula da mol ko kamfanin dillancin da aka ba wa amanar haya. Ka rubuta musu, ka faɗi irin kasuwancinka da girman shagon da kake nema, yawanci za su turo maka shi a PDF. Idan magana ta yi nisa har an kusa sa hannu, ka nemi zanen shagon naka shi kaɗai a sigar fayil ta DWG, wadda mai tsara maka cikin shago zai buɗe a manhajar zane ta AutoCAD ya ɗora nasa aikin a kai.

Cikakken zanen gini kuwa yana hannu uku: mai ginin, akitek ɗin da ya zana, da hukumar da ta amince da shi, kamar KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, ko sashen kula da gine-gine na Abuja. Hukuma ba ta miƙa fayil ɗin wani ga duk wanda ya shigo, sai da dalili da izinin mai shi.

Me ya sa suke ƙyashin ba da cikakken zanen?

Dalili biyu. Zanen haƙƙin mallakar wanda ya zana ne. Na biyu tsaro: a cikinsa ake ganin ɗakin na'urorin sa ido, ɗakin wuta, hanyar da ake fitar da kuɗi, da ƙofofin baya. Harin da aka kai mol ɗin Westgate na Nairobi a watan Satumbar 2013 ya ƙara sa masu irin waɗannan wurare taka-tsantsan. Wasu wuraren ko hoton lungun ma'aikata ka ɗauka, masu gadi za su tare ka.

An turo mini zanen, layuka kawai nake gani. Daga ina zan fara?

Ka ƙaddara an yanke ginin a kwance da wuƙa, misalin mita ɗaya da ɗan wani abu daga ƙasa, an ɗage saman, kana leƙo shi daga sama. Duk abin da wuƙar ta ratsa, wato bango da ginshiƙi, ana zana shi da layi mai kauri ko a cike shi da baƙi. Abin da ke ƙasa da yankan, kamar tayil da teburin karɓar kuɗi, layinsa siriri ne. Abin da ke sama da kanka, kamar bim (gadar kankare da ke kwance a kan ginshiƙai) ko bakin bene, shi ne ake yi wa layi mai tsinke-tsinke.

Kada ka fara da tsakiyar takardar. Fara da akwatin da ke gefen dama ko ƙasa: a nan sunan aikin yake, da hawan da aka zana, da sikeli, da kwanan wata, da harafin gyara, wanda ke nuna karo na nawa aka sabunta zanen. Sai ka nemo kibiyar da ke nuna arewa. Daga nan ka nemo babbar ƙofar shiga, ka ɗora yatsa, ka bi hanya kamar kana tafiya a ciki.

Alamomin da za ka yi ta karo da su kaɗan ne. Ƙofa layi ce da ɗan baka kamar rubu'in da'ira, bakan yana nuna inda take buɗewa. Gilashin gaban shago layuka biyu ne ko uku sirara. Lifta akwati ce da aka gicciya wa layi biyu, haka ma ramin da bututu ke bi zuwa sama. Matattakala jerin layuka ne da kibiya, an rubuta UP idan hawa take, DN idan sauka. Idan kana bene ka ga fili a tsakiya an rubuta VOID, ba shago ba ne kuma ba wurin tsayawa ba ne, rami ne da ake hango ƙasa ta cikinsa. Da'irorin da ke jere a gefen takarda, ɓangare ɗaya A, B, C, ɗaya ɓangaren 1, 2, 3, su ne layukan ginshiƙai. Da su ake kwatance a wurin aiki: idan injiniya ya ce "ginshiƙin D7", ka bi layin D da layin 7, inda suka haɗu nan ne.

Mene ne 1:100 da 1:200 da nake gani?

Sikeli ke nan. A 1:100, santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ce a ƙasa. A 1:200 mita biyu ce. Zanen fili gaba ɗaya da wurin ajiye motoci kan zo a 1:500, na hawa guda a 1:200 ko 1:100, na shago ɗaya a 1:50. Shago mai faɗin mita 6 da zurfin mita 12 zai fito santimita 6 da 12 a sikelin 1:100.

Ga inda ake yin ɓarna. Akitek ya tsara zanensa a babbar takardar A1, an kai shagon buga takardu an fitar da shi a A3 don sauƙin kuɗi. Komai ya ragu da rabi daidai, amma rubutun yana nan yana cewa 1:100, alhali ya koma 1:200. Mai rula ya auna ya samu santimita 3, ya ce shagon mita 3 ne. Idan kuma aka matse shi a A4, sikelin ya zama wani abin da babu rular da ta san shi. Shi ya sa ƙa'idar masu aikin ita ce a bi lambar da aka rubuta, a bar awon rula. In babu lamba, a yi amfani da ɗan layin sikeli da aka zana a jikin takardar, domin shi yana raguwa tare da zanen.

Lambobin da milimita ake rubuta su. 6000 mita shida ce, 225 kaurin bulo mai inci tara ne, 150 mai inci shida, 900 faɗin ƙofa ta yau da kullum. Idan ka ga lamba da alamar tarawa kamar +4.500, tsayin daɓen wannan wurin ne daga matakin da aka ɗauka a matsayin sifiri, da mita.

Me ya sa hawa na ɗaya a wani wuri ƙasa ne, a wani wuri bene?

Tsarin ƙirga ne ya bambanta. Najeriya ta gaji na Ingila: ƙasa G ne, bene na farko shi ne 1. A Amurka ƙasan ne 1. B1 da B2 ƙarƙashin ƙasa ne, galibi na motoci. LG hawa ne da ke ƙasa da G, UG na sama da shi kaɗan, M kuma ɗan rabin bene ne a tsakanin hawa biyu. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Dubai sun san wannan wahala a Dubai Mall, mai shaguna sama da 1,200, inda mutum zai shiga ta wata ƙofa yana zaton a ƙasa yake, ashe akwai wani hawan cike da kantuna a ƙarƙashinsa. Maganin abin shi ne ka riƙe harafin hawan da ka shigo da lambar wurin da ka ajiye mota.

Me ya sa babban kanti kullum yake can ƙarshe, sai mutum ya sha tafiya?

Da gangan ne. Babban kanti na kayan abinci ko sinima shi ke jawo jama'a, don haka ake kai shi ƙuryar ginin, ko a sa biyu su fuskanci juna daga ƙarshe zuwa ƙarshe, a jera ƙananan shaguna a tsakani. Wanda ya zo sayen burodi dole ya wuce ta gaban mai takalma da mai turare, zuwa da dawowa. Babban kantin yakan biya haya mai rahusa a kan kowace murabba'in mita, ƙananan su ke biyan mai tsada, domin suna cin albarkacin ƙafar da ya kawo.

Tsarin ya samo asali ne daga Amurka. Southdale Center da aka buɗe a jihar Minesota a 1956, wanda Victor Gruen ɗan asalin Ostiriya ya zana, shi ake ɗauka a matsayin mol na farko mai rufi da sanyaya iska, kuma manyan kantuna biyu aka sa su jawo masa jama'a. Irin wannan dabara ce aka bi a Ikeja City Mall na 2011, da Ado Bayero Mall da aka buɗe a titin Gidan Zu na Kano a 2014, da Jabi Lake Mall na Abuja a 2015. Haka ma eskaleta, wato matattakala mai tafiya da kanta: sau da yawa ta hawa da ta sauka ba sa manne da juna, sai ka zagaya ka wuce wasu shaguna. Wurin cin abinci ana kai shi sama ko nesa da ƙofa saboda wannan dalilin.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne babban kanti yana iya tashi. Shoprite ta rufe reshenta na Ado Bayero Mall a farkon 2024. Duk inda irin haka ta faru, shagunan da darajarsu ta dogara da hanyar zuwa wannan kantin su ne ke fara jin jiki.

Zan kama shago. Me zan duba a zanen kafin in biya?

Wannan ita ce tambayar da kuɗi ke ciki, don haka a yi haƙuri da tsawon amsar.

Ɗauki biro mai launi ka ja layi daga wurin ajiye motoci zuwa ƙofar da ta fi kusa da shi, daga nan zuwa babban kanti. Wannan layin shi ne jijiyar mol ɗin. Ƙofar da aka ƙawata a gaban gini ba lallai ita jama'a ke bi ba. Mutane suna bin wadda ta fi kusa da inda suka sauka daga mota ko adaidaita. Shagon da ke kan layin ya fi wanda ke reshen da ya mutu a bango, ko da na reshen ya ninka shi girma.

Sai fuska. Shago biyu kowanne murabba'in mita 72, ɗaya 6 da 12, ɗaya 4 da 18: na biyun rami ne, bayansa duhu, mai wucewa taku biyar ya wuce shi. Shagon kwana yana da fuska biyu, shi ya sa hayarsa ta fi. Duba kuma abin da ke tsaye a gabanka. Idan akwai ginshiƙi, ko gindin eskaleta, ko ɗan akwatin da aka ware wa masu sayar da waya a tsakiyar hanya, allon sunanka ya ɓuya. Waɗannan ƙananan rumfuna ba kullum ake zana su ba, sai ka tambaya ko an tanadi wurinsu.

Sai ciki. Nemo baƙin murabba'i a tsakiyar shagon. Ginshiƙi mai 600 da 600 bai kai rabin murabba'in mita ba, amma idan ya faɗo daidai inda layin kaya zai bi ya ɓata tsarin duka, kuma ba a taɓa shi. Duba ko akwai ƙofar baya da ke fita lungun ma'aikata zuwa wurin sauke kaya. In babu, duk kwalinka ta gaba zai shiga, kuma yawancin mol ba sa barin a shigo da kaya ta hanyar masu sayayya sai da sassafe ko bayan an tashi.

Mai niyyar sayar da abinci ko buɗe wurin gyaran gashi, zanen akitek bai ishe shi ba, sai ya ga na ruwa da na wuta. Ina bututun ruwa ya shigo, ina magudanar ƙazanta take, akwai hanyar fitar da hayaƙi zuwa rufi? Shagon da ba a kai masa magudana ba, kai ta yana nufin fasa daɓe, a bene kuma huda dakin, wato kankaren da ya raba hawa da hawa, wanda da wuya masu mol su yarda. Tambayi ƙarfin wutar da aka ware wa shagon, ka lissafa firji da murhu da na'urar sanyaya ɗaki, ka ga ko za ta ɗauka. Tsayin silin kuma ba ya fitowa a zanen shimfiɗa, sai a zanen da aka yanka ginin a tsaye. Mai son yin ɗan bene na sito a cikin shago can zai duba, ya auna daga daɓe zuwa ƙasan bim ko bututun iska, ba zuwa dakin ba.

Maƙwabta ma abin dubawa ne. Kusa da banɗaki akwai zirga-zirga, amma ba irin wadda mai sayar da atamfa yake so ba. Jikin ɗakin janareta ko na'urorin sanyi akwai ƙara da zafi. Kusa da masallaci kuwa, a mol ɗin arewa, ana samun jama'a a lokutan salla, abin da zanen da aka kwafo daga Turai ba zai nuna maka ba.

An ce shagon murabba'in mita 72 ne, na auna na samu 68. An cuce ni?

Ba lallai ba. Ka duba yadda yarjejeniyar ta ce a auna. Masu mol da yawa suna aunawa daga tsakiyar bangon da ya raba ka da maƙwabci, kai kuma tef ɗinka daga fuskar bango zuwa fuskar bango ya auna. Ɗauki shago mai 6000 da 12000 daga tsakiya zuwa tsakiya, bangonsa bulo mai 225 ta kowane gefe. Ciki zai zama 5775 da 11775, wato kusan murabba'in mita 68. Huɗun da suka ɓace suna cikin bango. Da yake a kan wannan lambar ake lissafa haya da kuɗin hidima na shara da gadi da dizal, ka sa a rubuta hanyar awon a takarda, a kuma maƙala zanen shagon da aka zagaye da jan layi a jikin yarjejeniyar. Idan an ba ka lissafi da ƙafa, murabba'in mita ɗaya murabba'in ƙafa 10.76 ne.

Zanen ya nuna abu, na je na tarar da wani daban.

Ruwan dare ne. Ana cikin gini ake matsar da bango, ana haɗe shago biyu ya zama ɗaya, ɗan hayar da ya tashi ya bar ginin da ya ƙara. Duba harafin gyara da kwanan watan da ke jikin takardar, ka tambayi ofis ko shi ne na ƙarshe. Sannan ka je da tef ko na'urar awo mai haske, ka auna faɗi a gaba da tsakiya da baya, ka auna kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu. Idan awon gicciye biyun bai zo ɗaya ba, shagon a karkace yake, kuma kantar da aka ƙera a kan zane ba za ta zauna ba. Kada a yanka gilashi ko alminiyom sai an yi wannan awon.

Yaya zan gane hanyoyin fita idan gobara ta tashi?

Akwai zane na musamman da ake liƙawa kusa da lifta da matattakala, mai korayen kibiyoyi da jajayen alamomin kayan kashe wuta. Abin da ake nema shi ne daga duk inda kake akwai hanya biyu mabambanta, domin idan hayaƙi ya toshe ɗaya a bi ɗaya. Ƙofar gaggawa waje take buɗewa, ta inda jama'a ke gudu. Idan bakan ƙofar a zane ya nuna ciki take buɗewa, akwai gyara. Lifta da eskaleta ba a dogara da su. Matattakalar gaggawa ita ce wadda aka kewaye da bango mai kauri da ƙofarta, ba buɗaɗɗiyar da ke tsakiyar fili ba. Sai dai zane ba ya nuna kwaɗon da aka garƙama wa ƙofa. Ka je ka tura ƙofar da hannunka, ka leƙa lungun ka ga ko an mai da shi sito.

Zan iya sauko da zanen mol daga intanet in ba magini ya gina mini filaza?

A'a. Ka kalla don ɗaukar dabara, shi ke nan. Zanen da ke yawo a intanet bai san ƙasar filinka ba, bai san inda ruwa ke bi da damina ba, ba ya ɗauke da lissafin rodi da kankare, kuma hukuma ba za ta buga masa hatimi ba. A Najeriya ana buƙatar akitek mai rajista da ARCON, hukumar rajistar masu zana gini, da injiniya mai rajista da COREN, hukumar injiniyoyi. Yawancin zanen ƙasashen waje an yi su ne bisa zaton wuta ba ta ɗaukewa, gini a rufe ruf ba taga. Filaza a Kano ko Maraɗi tana bukatar iska mai ratsawa, baranda mai inuwa a ɓangaren yamma, wurin janareta da tankin ruwa da rijiyar burtsatse, masallaci da wurin alwala, da inda babbar mota za ta juya ta sauke dila ba tare da ta tare titi ba.

Lambobi kaɗan da za su taimaka wajen tattaunawa da akitek: gurbin mota ɗaya misalin mita 2.5 da 5 ne, hanyar da ke tsakanin layi biyu na motoci misalin mita 6. Gangaren keken guragu kada ya wuce tashin mita ɗaya a cikin tsawon mita 12. Idan za a ajiye motoci a ƙarƙashin ginin, tazarar ginshiƙai daga gurbin motocin ake fara lissafa ta, misalin mita 8 domin mota uku su shiga tsakani, sannan faɗin shagunan sama ya bi wannan tazarar.

Ni ɗalibi ne, an ba mu aikin nazarin mol. Yaya zan yi in ba su ba ni zane ba?

Karɓo takardar gabatarwa daga sashenku ka kai ofishin mol, wasu za su ba ka zanen haya. In ba su bayar ba, ka nemi izinin zagayawa ka zana da kanka. Ɗauki siffar ginin daga hoton tauraron ɗan'adam na Google Earth, wanda ke da abin awo a ciki. A cikin ginin ka ƙirga tayil: idan mai 600 ne, guda goma mita shida ke nan. Auna tazarar ginshiƙi biyu sau ɗaya, ka ƙirga sauran, ka shimfiɗa layukan A, B, C da 1, 2, 3 a takarda, sannan ka zuba shagunan a kansu. Don kwatance da na wasu ƙasashe, shafin ArchDaily yana wallafa ayyukan gine-gine da dama tare da zanen kowane hawa.